Fijo 504 ta magada a Zariya: in saya in gyara, ko in haƙura?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya min gaskiya ko da ba ta da daɗin ji.

Akwai wata Fijo 504 salun, fara, haɗin Kaduna, a wani gida a Tudun Wadan Zariya. Ta wani dattijo ce tsohon ma'aikacin gwamnati, Allah ya yi masa rasuwa, yanzu magada suna so su rabu da ita. Babban ɗansa ya ce min a 1986 mahaifinsu ya saye ta sabuwa, kuma ba ta taɓa barin hannunsa ba. Mita ta daina aiki tun da daɗewa, amma a ƙiyasinsu ta haura kilomita 400,000, don da ita yake zuwa Legas da Maiduguri. Ta kai shekara shida a ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano, tayoyi duk sun kwanta. Sun sa mata naira 900,000.

Ba don zirga-zirgar kullum nake sonta ba. Ina da babur da nake zuwa aiki, Madam kuma tana da Corolla da ake kai yara makaranta. So nake in riƙa gyaranta a hankali, wata-wata, har ta dawo hayyacinta in riƙa fita da ita Juma'a da ranar biki. Na ware miliyan ɗaya da rabi na gyara ban da kuɗin saye. Zuwa yanzu hotuna kawai na gani.

Injin da ya yi wannan tafiyar akwai sauran rai a jikinsa? Kayan gyara suna samuwa har yanzu? Kuma kuɗin da na ware za su kai ni?

Malam Lissafi

Wa alaikumus salam. A'a, a'a, kuma a'a. Haɗa 900,000 da miliyan ɗaya da rabin nan ka sayi fili a bayan gari, shekara uku ka dawo ka gode min.

Oga Usta Panteka

Malam Lissafi, biyu daga cikin a'a ɗinka ba daidai ba ne, ta ukun ce kawai za mu tattauna.

Baban Hanifa, da farko ba a cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna ƙasan mota. Sannan ka cire maganar kilomita 400,000 daga ranka, ba ita ce abin tsoro a 504 ba. Injin nan mai kafireto, wanda ya kusa lita biyu, an yi shi ne don a riƙa sabunta shi. Silindarsa ba a jikin bulok aka huda ta ba, silif ne ake zarewa a sa sabo. Ka sayi silif huɗu da fistin da ringi da metal, a wanke kirankshaf in ya ci, a gyara top silinda, inji ya koma kamar jiya aka yi shi. Sarƙa ce ke jan taimin ɗinsa, ba bel ba. Babu birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, babu sensa, babu wanda zai jona maka kwamfuta ya karɓi kuɗin dubawa. Dilko ne da kwantak da kwayil da filogi huɗu, su ke ba inji wuta. Yaron da ya yi shekara biyu a garejina zai iya tayar da ita.

Abin da ke kashe 504 tsatsa ce. Inji ana sayensa, giyabos ana sayensa, amma in ƙarfen da ke riƙe da su ya ruɓe, kuɗinka sun tafi. Idan ka je, ka ɗaga kafet ɗin gaba da na baya ka taka dandamalin da ƙafarka. Ka buɗe but ka cire safaya ka leƙa ramin. Ka buɗe bonet ka duba saman inda shokazoba ta gaba take ɗaure, hagu da dama. Ka kwanta ƙasa da tocila da sukundireba ka riƙa caccakar gefen ƙasan ƙofofi da inda ƙafar baya take kama jiki. In sukundireba ta shige a waɗannan wurare biyu na ƙarshe, ka yi musu ta'aziyya ka dawo gida.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu, irin na tsohuwar lasifika ma ya isa. Ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, aka cika aka fesa fenti a kai.

Tsohon Direba

Usta ya gama magana. Ni wagon na ja, Kano zuwa Maiduguri, tun kafin Golf da Sharon su kore mu daga tasha. Layi uku na kujeru, kaya a sama har da buhunan wake, mu bi Wudil, Potiskum, Damaturu, kuma washegari mu juyo. Kilomita 400,000 a wurinmu ba labari ba ne, mota tana yin haka a hannun direba ɗaya, a sauke inji a yi ringi ta ci gaba. Salun ɗin ma'aikaci da shi kaɗai yake ja, ai hutu ta yi.

Abu ɗaya zan ƙara maka, ɗana. Fijo ba ta yafe zafi. Top silindarta alminiyam ce, in ta tafasa sau ɗaya da kyau sai ta lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ka zaro sandar awon mai ka duba. In baƙi ne ƙirin, alhamdu lillahi. In ya yi kalar shayi da madara, ka rage kuɗi sosai.

Baban Hanifa

Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Oga Usta, ɗan mai motar ya ce in na zo da batir zai tayar min da ita in ji ƙarar injin. In yarda?

Oga Usta Panteka

Kar ka kuskura! Ka kira shi yanzu ka ce kada kowa ya sa mata makulli. Injin da ya yi shekara shida a tsaye, mai duk ya gangare ƙasa, ringi a bushe suke, wataƙila ma sun kama. Kana buga sitata za ka kankare silif ko ka karya ringi, ka mayar da ƙaramin aiki babba.

Yadda ake yi: a cire filogi huɗun, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya jiƙa. Sannan a sa sifana a kan fulin gaba a juya da hannu. In ya zagaya sumul, inji yana da rai. Fetur ɗin da ke tanki kuma ya riga ya zama danƙo, ba za a bari ya shiga kafireto ba, daga jarka za a ba ta sabo da tiyo. Bayan ta tashi sai a auna matsin kowace silinda. Ba sai ya kai na sabuwa ba, a dai ga huɗun sun yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa warwas, to a nan matsalar take.

Maman 'Yan Biyu

Ni ban san silif ba, ban san dilko ba. Tambaya ɗaya gare ni: Madam ta san da wannan maganar? Domin na ga irinta a gidanmu. Maigidan ya jawo wata tsohuwar mota wai wata uku ta hau titi. Ta cinye filin shanya, kaji suka mayar da ita akurki, yara suka fasa gilashin gefe da ƙwallo. Kowane ƙarshen wata sai ka ji an ce saura abu kaɗan. A ƙarshe 'yan gwangwan ne suka zo da amalanke. Kuma ka ce Corolla ta Madam ce. To ranar da taka ta tsaya a hanyar Zariya da yara a ciki, wa za a kira? Ita. Kuɗin makaranta in ya matso kana tsakiyar sauke inji, wa zai cike? Ka zauna da ita ku yanke adadin da in an kai shi za a tsaya, ko mota ta tashi ko ba ta tashi ba.

Baban Hanifa

Hajiya, ta sani. Ba ta ce a'a ba, ta dai ce ba za ta kwana a tsakar gidanta ba sai ranar da ta shigo da ƙafarta.

Maman 'Yan Biyu

Allah ya yi mata albarka, mace ce mai hankali.

Malam Lissafi

Tunda an ce a'a ta uku ce abin tattaunawa, bari mu tattauna ta. Ku da kanku ku lissafa. Taya huɗu da safaya, dole sababbi, domin ko iska ta zauna a tsofaffin, 'yan kiyaye haɗurra suna ɗaukar taya ta mutu bayan shekara huɗu da yinta, kuma kwanan watan yana rubuce a jikinta. Batir. Birki gaba ɗaya, daga masta har robobin ƙafa huɗu da tiyo, tunda man birki yana shan ruwa in ya daɗe. Lagireto da famfon ruwa da duk wani tiyon roba. Wanke tanki. Shokazoba da bushin. Wayarin, don ɓera ba ya barin motar da ta yi shekara shida shiru. Ban taɓa inji ba tukuna, ban taɓa walda ba, ban taɓa kujeru ba, ban taɓa fenti ba. Ina mai tabbatar maka miliyan ɗaya da rabi za ta ƙare mota tana tsirara. Kuma farashin da za a gaya maka yau ba shi za ka tarar ba bayan wata shida.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba. Aka cire tallafi, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Motar da aka ƙera lokacin da ba wanda ke tunanin kuɗin fetur, mai kafireto, mai nauyin kusan kilo 1,200, ita za ka ɗauko yanzu? A cikin gari za ta sha kusan ninkin abin da Corolla ɗin Madam take sha.

Na ƙarshe, ranar da ka gaji ka ce za ka sayar, ba wanda zai biya ka kuɗin gyaranka. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Injiniya Kakuri

Lissafin Malam daidai ne, amma amsar wata tambaya ya bayar. Mutumin nan bai ce jari zai zuba ba. Wani yana kashe fiye da haka a kiwon doki ko tantabaru, ba wanda ya ce masa ina riba.

Kuma wannan ba kowace tsohuwar mota ba ce. 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, shekarar da masana'antar Fijo ta Najeriya, wato PAN, ta fara haɗa motoci a nan Kakuri. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'ai a tsarin rage facaka. Faransa ta daina yin salun ɗin tun farkon shekarun 1980, Ajantina ta ci gaba har 1999, mu kuma a Kaduna aka yi ta yi har wajen 2006. A zamanin nan akwai Steyr a Bauchi, akwai masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO masu haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Yau ka nuna wa yaro ɗan shekara ashirin abin da ya rage na wannan zamani, me za ka nuna masa? Kullum 'yan gwangwan suna yanka tsofaffin 504 a kai kamfanin narka ƙarfe. Mai hannu ɗaya, wadda ba a taɓa yin haya da ita ba, ba ta da yawa yanzu.

Malam Lissafi

To gidan tarihi ya saya mana, me ya sa sai ma'aikacin da ke jiran albashi?

Ɗan Gayu

Ni fa in dai tsohuwar mota ce, Marsandi ita ce magana. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka nemi 200 ko 230 ta da, ko Bi-but. Ƙofarta kaɗai in ka rufe ka san ka rufe ƙofa. Fijo motar tasha ce, duk yadda ka wanke ta mutane za su ɗauka lodin Funtuwa za ka yi.

Tsohon Direba

Yaro, motar tashar nan ita ta kai kakanninka asibiti da filin jirgi lokacin aikin Hajji. Ka shiga da Marsandinka hanyar ƙauye da damina, mu gani wa zai jawo wani. Kujerar 504 da yadda take haɗiye rami, har yau ban zauna a motar da ta fi ta ba.

Ɗan Gayu

Tuba nake Baba, wasa nake yi. Amma a Turai ma Marsandin ta fi daraja.

Injiniya Kakuri

A Turai 504 da ke tsada ita ce mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, ba salun irin tamu ba. Wannan kam gaskiya ne, kada Baban Hanifa ya sa rai wani Bature zai zo ya ba shi daloli.

Mai kula da zaure

Jama'a a dawo kan tambaya. Mai son muhawarar Fijo da Marsandi ya buɗe nasa zancen daban.

Malam na Tudun Wada

Assalamu alaikum. Kowa ya duba ƙarfe, ba wanda ya duba haƙƙi. Motar nan dukiyar gado ce. Babban ɗa ba shi ne mai ita ba sai in an raba ta faɗo a kasonsa, ko sauran magada sun wakilta shi. Kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, rabo yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. Saboda haka ka tambaya a fili: an raba gado? Akwai matar mamaci ko matansa? Akwai 'ya'ya mata da ke gidan aure a wani gari? Akwai ƙananan yara, wa ke tsaya musu? Mun sha ganin an sayar da abu, bayan shekara wata ta zo ta ce ba da saninta ba, a ƙare a gaban alƙali, kai kuma ka riga ka zuba kuɗinka a ciki.

A rubuta takarda, duk baligi ya sa hannu, a sa shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani. Kuma wajen ciniki ka ji tsoron Allah. Ka taya abin da ya dace da halin motar, amma kada ka ga suna cikin buƙata ka danne su.

Baban Hanifa

Allah ya saka da alheri Malam. Zan tambaye shi yau ɗin nan.

Ɗan Ofishin Lasisi

In ƙara a kan na Malam. Sa'arka ɗaya, haɗin gida ce, babu ciwon kan takardar kwastan da masu Beljiyam ke fama da shi. Amma ka nemi asalin takardun mallaka da tsohon lasisi, ka haɗa lambar shasi da lambar inji da ke takarda da waɗanda ke jikin mota, da idonka, ka goge wurin da tsumma da ɗan fetur. A tsawon shekarun nan mutane da yawa sun canza inji ba su gyara takarda ba. Bayan haka sai canjin mallaka, kuma da alama sabuwar lamba za ka yi, don tata tsohon tsari ce. Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Ka sa duk wannan a lissafi, mutane suna mantawa da shi sai an tare su a hanya.

Matashi Mai Keke

Oga me zai hana ka cire injin ka sa na Toyota kawai, ka sa gas ɗin mota na CNG? Mai ya ragu, ciwon kai ya ragu.

Oga Usta Panteka

In ya sa injin Toyota, to me ya saya? Gwangwanin Fijo ke nan. Sai an yanka, an yi walda, an ƙirƙiro kujerar inji, giya ba ta zauna daidai ba, kuma farfelar 504 a cikin bututu take tafiya har zuwa baya, ba ta son a yi mata dabara. Na karɓi irin wannan aikin da wasu suka fara suka gudu, ba na so in sake.

Gas kuwa ana iya sa mata, injin kafireto ma ya fi sauƙin juyawa. Sai dai tukunyar za ta cinye rabin but, ƙarfi zai ɗan ragu, kuma sai ka duba ko akwai gidan gas kusa da kai. Motar da za a fita da ita sau ɗaya a mako ba za ta mayar da kuɗin juyawar ba. In ma za a yi, a je wurin da aka amince da su. Kun ji abin da ya faru a Benin a Oktoban 2024, tukunyar da aka haɗa da walda ta tarwatse a gidan gas.

Maganar kayan gyara da ka tambaya: na inji da birki da ƙafa akwai su a kasuwar Panteka ta Kaduna, akwai a Kofar Ruwa a Kano, sabo da na hannu. Sabon ne sai an yi hankali, kwali ɗaya kaya iri uku. Kwantak da kwandensa na yanzu wasu ba sa wata biyu, tsohon asali na jikin matacciyar mota ya fi su. Abin da zai wahalar da kai shi ne kayan ado: fitilun gaba na asali, robar gilashi da ta ƙofa, dashbod da rana ba ta fasa ba, 'yan ƙarafunan gefe masu ƙyalli, zakin gaba. Waɗannan in suna jikin motar lafiya, sun fi injin daraja a wurina.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Nan wajenmu har yanzu a-kori-kura 504 na ɗaukar kaya ranar kasuwa, kuma masu su ba su sayen sabon kaya sai dole. Dabararsu guda ce: su sayi matacciya su aje bayan gida, su riƙa cira. In ka samu wadda ta yi hatsari ko ƙasanta ya ruɓe, ka saye ta kuɗin ƙarfe, ta fi maka yawon kasuwa. Sai dai ban san abin da Madam za ta ce ba in mota ta zama biyu.

Maman 'Yan Biyu

Ni na san abin da za ta ce.

Likitan Ƙashi

Ba wanda ya ambaci wannan, bari ni in ambata tunda mu ake kawo wa. Motar nan ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma da wuya ka tarar da bel a kujerar baya. Ba a gina ta yadda za ta kare na ciki a hatsari kamar motocin yanzu ba. Taurin jiki da ake yabo ba shi ne tsaro ba. In za ka zaga gari da ita ranar Juma'a, bismilla. Amma ɗaukar Hanifa da ƙannenta a hau titin Kaduna zuwa Kano a tsakanin tireloli, ban ba ka shawara ba. In ka saya, bel ɗin baya ya shiga cikin aikin farko.

Baban Hanifa

'Yan'uwa ga yadda aka yi. Ranar Asabar Oga Usta ya ba ni babban yaronsa muka je.

Maganaɗisu ya kama ko'ina sai ƙofar baya ta hagu, nan akwai fila. Dandamalin ɓangaren direba ya huje, faɗin tafin hannu, don robar gilashin gaba ta mutu ruwa yana bi ta nan. Ramin safaya ya yi tsatsa amma bai huje ba. Saman shokazoba da gefen ƙasa da inda ƙafar baya ta kama, yaron ya yi ta caccaka har ya gaji, ƙarfe ne garau. Mun cire filogi muka zuba mai, muka je muka yi azahar muka ci abinci, da muka dawo ya sa sifana, da ƙyar da farko, sannan ta zagaya. Baƙin mai baƙi ne, babu madara. Lagireto a bushe, famfon ruwa ya kama, ɓeraye sun yi gida a bayan dashbod sun cinye wayoyi. Fedar birki tana tafiya har ƙasa ba komai. Gilashin baya ya tsage, fitilar gaba ɗaya ba ta asali ba ce. Lambar shasi da ta inji sun yi daidai da takarda.

A aljihun gaba muka tarar da wani ƙaramin littafin makaranta, marigayin yana rubuta duk abin da ya yi wa motar da biro: kwanan wata, juyen mai, taya, har kuɗin faci. A ciki ya rubuta an sauke inji an sa sabon silif da fistin a 2004. Daga nan rubutun ya yi ta raguwa, da alama bayan ya yi ritaya bai cika tafiya mai nisa ba.

Maganar gado, gaskiyar Malam ce. Ba a raba ba. Su bakwai ne da mahaifiyarsu, duk manya, shida da uwar sun yarda, saura 'yarsa ɗaya da ke aure a Sakkwato ba a gaya mata ba. Na lissafa musu abin da muka gani, na taya 600,000, muka tsaya a 650,000 bisa sharaɗin ba zan ba da ko sisi ba sai ta sa hannu. Ni da Madam kuma mun yanke: miliyan ɗaya da rabi ita ce iyaka a bana, abin da bai samu shiga ba ya jira baɗi.

Malam Lissafi

Littafin nan ya ɗan sassauta min, ban ɓoye ba. Amma ina nan a kan bakana, kuɗin ba za su kai fenti ba. A ajiye wannan maganar, za mu dawo kanta.

Tsohon Direba

Injin 2004 a hannun ɗan fansho ai sabo ne. Ka ce wa Usta ya duba fankar, tata mai kuloci ce ta lantarki da ɗan gawayi a jiki, yawanci an ɗaure ta tana juyawa kullum. In an cire tamostat a mayar. Kuma kada ka zuba mata ruwan rijiya, shi ke cin top silinda.

Matashi Mai Keke

Oga in 'yar Sakkwato ta ƙi fa?

Baban Hanifa

Sai in haƙura, haƙƙinta ne. Yayanta dai ya ce zai kira ta jibi.

Oga Usta Panteka

Malam Lissafi ya yi gaskiya a kan fenti, kuma ba komai, fenti shi ne na ƙarshe dama. In ta sa hannu, kada ka bari a jawo motar da igiya daga Zariya, babu birki, tayoyin ma ba za su kai Jaji ba. Ka ɗauki motar ɗaukar mota ta sauke ta a garejina. Za mu fara da birki da tanki da lagireto da famfon ruwa, sai mai wayarin ya shiga, sai a tayar da ita mu auna silinda kafin mu san ko za a taɓa inji. Walda da robar gilashi kafin damina. Gilashin baya na san wanda yake da shi a layinmu, zan tambaya gobe in turo maka farashi. Ka taho da littafin marigayin, ina so in ga wane mai yake zuba mata.